Neman kalma: maigiren da maganin hana shi tashi

Hajara: Salamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe goma ina da shirin lafiya a rediyo, kan magungunan manya masu maigiren. Ciwon dai zan kira shi "ciwon ɓarin kai". Amma wanda ke kai kwana 15 a wata, sama da wata 3, me zan ce masa? Maganin da ake sha kullum don kada ya tashi kuma, rigakafi ne?

Dakta Bala: Wa alaikumus salam. Kada ki ce "mai tsanani", kwanaki ake ƙirgawa ba zafi ba. "Mai naci" ya fi. Rigakafi kuwa, kina faɗa za a ɗauka allura ce guda an gama. Alhali propranolol, na hawan jini, kullum ake sha, kuma ba a ba mai asma. Amitriptyline da dare, yana sa barci da ƙiba. Topiramate na farfaɗiya ne, yana ramarwa, yatsu su riƙa yi kamar ana tsira musu allura. Sai an yi wata biyu zuwa uku kafin a ce ya karɓi mutum.

Malam Sani: Ciwon kansa ki ce masa shaƙiƙa. Tana nan a littattafan ɗibbu tuntuni.

Ɗan Gobir: Larabci ke nan, Malam. Ni na ce "tsagakai". Sai yaushe za mu daina aro?

Malam Sani: To "littafi" ma ka daina faɗa.

Ɗan Gobir: Matsalar ke nan, duk abin da Kano ba ta sa wa hannu ba, ba Hausa ba ne.

Rabi Maraɗi: Wa ya kawo Kano a nan? Mu a asibiti migiren muke ji, a gida ciwon rabin kai.

Dakta Bala: Tsagakai sai ka ce an sari mutum da gatari. Hajiya Hajara, akwai na allura fa: Botox, wuri 31 a kai da wuya duk mako 12, Amurka ta amince da shi a 2010, erenumab kuma duk wata, tun 2018. Tsada ce matsalarsu. Ki ja kunne kan valproate, shi ma na farfaɗiya ne, mai ciki ba ta sha.

Rabi Maraɗi: Maimakon rigakafi, kandagarki fa?

Hajara: Ya yi min nauyi a baki. Zan ce "ciwon ɓarin kai mai naci" da "maganin hana tashi". Na gode.

Ɗan Gobir: Kalma biyar a wurin guda. Allah ya ba da sa'a, amma ban janye tsagakai ba.