Farin ƙwan sola da waya da daddare: me suke yi wa barci?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Masana, me ya sa in mutum ya daɗe ƙarƙashin farin ƙwan sola ko kan waya da daddare, barci ke gudu, gari ya waye kuma ya tashi jiki a mace, rai a jagule? Da gyara?

Malamin Asibiti:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A cikin ido akwai wasu ƙwayoyi da ke sanar da ƙwaƙwalwa ko rana ce ko dare. Hasken da ya fi taɓa su shi ne mai ratsin shuɗi, kuma farin ƙwan LED cike yake da shi. Da sun ji shi sai jiki ya rage fitar da sinadarin melatonin, mai shirya mutum barci. Ido ya bushe, agogon jiki ya ja baya. Lokacin tashi kuwa bai canja ba, Asuba na nan, sai barcin ya gajarce.

Batun rai: wani bincike da aka wallafa a 2023 kan mutum kusan 87,000 a Birtaniya ya gano masu shan haske da yawa da dare sun fi fama da ciwon damuwa. Alaƙa ya nuna dai, bai tabbatar da cewa hasken ne sanadi ba.

Injiniya Mai Sola:
Ki duba kwalin ƙwan, lambar da ke ƙarewa da K ita ke nuna launin haskensa. 6500K shi ne farin nan mai kashe ido, ki bar shi a tsakar gida. Ɗakin kwana a sa 2700K, mai ruwan ɗorawa, wat 3 zuwa 5, a ajiye shi ƙasa-ƙasa, kada ya haske fuska. A rage haske awa 3 kafin kwanciya. Sannan a kashe makunni ko da an ɗauke wuta, don in NEPA ta dawo da ita ƙarfe biyun dare, ƙwan kan mai barci zai kama.

Sauya launin fuskar waya kaɗai ba ya wadatarwa, sai an rage ƙarfin hasken.

Malamin Asibiti:
Haka ne, Injiniya. Na ƙara da hasken safe: minti 20 zuwa 30 a waje bayan fitowar rana, shi ke dawo da agogon. Hasken ɗaki da ƙyar ya wuce lux 300 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), waje kuwa ko da hadari ya haura 1,000.

Masu aikin dare nasu daban ne: haske mai ƙarfi a farkon aiki, baƙin tabarau a hanyar gida in ba tuƙi za su yi ba, labule mai kauri a ɗaki.