Shawarwarin da aka tattaro wa ɗaliban koyon malanta kan kafofin sada zumunta

Jama'a, zancen da aka yi kan yadda mai koyon malanta zai yi amfani da kafofin sada zumunta wajen koyar da ɗalibai ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda a fara neman izinin shugaban makaranta da malamin da ke duba ka. Mai koyon koyarwa baƙo ne, ba ya buɗe guruf da gaban kansa.

2. Guruf ɗin WhatsApp a saita shi yadda malami kaɗai zai iya tura saƙo, a riƙa buɗe shi na ɗan lokaci don tambayoyi. In ba haka ba, kafin gari ya waye aikin gida ya nutse cikin gaisuwa da sitika. Nan aka fi daɗewa ana tattaunawa, kuma masu wannan shawara da gaskiyarsu.

3. Bidiyon YouTube, ka kalle shi har ƙarshe kafin ka tura, ka haɗa shi da tambayar da za a amsa a aji.

4. Ban da hirar sirri da ɗalibi, ban da ɗora hotunan yara.

Inda aka rabu: ƙananan yara, tunda ƙa'idar Facebook sai mai shekara 13 zuwa sama ne zai buɗe shafi. Wasu sun ce a bi ta wayar iyaye, wasu sun ce a haƙura. Haka ma batun ba da maki kan aikin da aka yi ta waɗannan kafofi: masu adawa sun ce zalunci ne ga marar waya. Ni ma ina bayansu.