Muhawara: Shin sarrafa saiwa irin ta Sinawa tana mayar da dafi magani?

Malam Habibu: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so mu tattauna a kan abin da masu maganin gargajiya na ƙasar Sin ke kira paozhi, wato sarrafa saiwa da ganye da 'ya'yan itatuwa kafin a ba majiyyaci: a jiƙa, a turara, a dafa, a soya da zuma ko khal ko giyar shinkafa, wani kuma a toya shi a cikin yashi mai zafi. Matsayina shi ne wannan aiki ilimin sinadarai ne na gaske, wanda aka kai gare shi ta hanyar gwaji da lura tun kafin a san sunayen sinadaran, kuma saiwar da aka sarrafa bisa ƙa'ida ta bar sahun dafi ta shiga sahun magani.

Hujjata ita ce fuzi, saiwar gefe ta tsiron Aconitum carmichaelii, wadda aka fi sanin nomanta a Jiangyou cikin lardin Sichuan. Ɗanyarta na ɗauke da sinadarin akonitin, wanda kimanin miligiram 2 na tsantsarsa na iya kashe babban mutum, domin yana hana ƙofofin sodiyam na jijiyoyi da tsokar zuciya rufewa, har bugun zuciya ya rikice. To, akonitin yana da rassa biyu a jikinsa, kuma ƙarfin dafin a kansu ya rataya. Idan aka jiƙa saiwar a ruwan gishiri, aka dafa ko aka turara ta na tsawon sa'o'i, zafi da ruwa kan cire reshe na farko, sai dafin ya ragu ninki ɗari ko fiye. Idan aka ci gaba da dafawa, na biyun ma ya fita. Tsohon likitan ƙasar Sin, Zhang Zhongjing, ya sa fuzi a haɗe-haɗensa tun wajen shekara ta 200 miladiyya, kuma har yau ana ba da ita.

Dakta Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Bayaninka a kan akonitin daidai ne, ba ni da ja a kansa. Inda na rabu da kai shi ne tsallen da ka yi daga saiwa ɗaya zuwa hukunci a kan dukkan saiwoyi. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam sun samu lalacewar ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba mai ɗauke da saiwar Aristolochia fangchi, da yawansu sai da aka ɗora su a kan na'urar wankin ƙoda ko aka yi musu dashe, wasu kuma daga baya suka kamu da sankarar hanyar fitsari. Sinadarin da ya yi wannan ɓarna, aristolokik asid, ba ya da raunin da akonitin ke da shi, don haka tafasa da turarawa ba sa kawar da shi yadda za a aminta. Yana manne wa ƙwayoyin gado na jikin mutum, kuma illarsa kan bayyana ne bayan watanni ko shekaru, lokacin da babu mai tunanin danganta ciwon da abin da aka sha. Lura da ido tana gano dafin da ke kashewa a yini guda, amma ba ta gano wanda ke cin ƙoda sannu a hankali.

Malam Habibu: Dakta, abin da ya faru a Beljiyam musanya ce aka yi. Saiwar Stephania tetrandra aka nufa, sai aka kawo wata a madadinta saboda sunayensu na kasuwa sun yi kusa. Laifin mai saye da mai sayarwa ne, bai kamata a ɗora wa mai sarrafawa ba.

Dakta Rabi: Da a Beljiyam kaɗai abin ya tsaya, da na karɓi wannan uzuri, Malam. Amma a cikin ƙasar Sin kanta an shafe shekaru ana sa guan mutong, wanda shi ma daga dangin Aristolochia yake, a cikin sanannen haɗin nan Longdan Xiegan, har sai da hukuma ta hana amfani da shi a 2003 bayan rahotannin ciwon ƙoda. Ga kuma saiwar heshouwu, wadda ake turarawa da ruwan baƙin wake don a rage ƙarfinta, amma likitoci sun ci gaba da ganin masu ciwon hanta bayan shanta, har da wadda aka sarrafa.

Alhaji Ɗanlami: Malamai, ni ɗan kasuwa ne, ba na cikin masu ilimin nan, amma ina zuwa Guangzhou sayen kaya, kuma na taɓa shiga wata kasuwar magunguna a can. Buhuna ne jere a bakin shaguna, wasu cike da yankakkiyar saiwa baƙa ƙirin mai sheƙi da danƙo, wasu kuma fara sol kamar alli. Da na sunkuya kan wani buhu na farar, sai wani wari mai kama da na ashana ya doki hancina, har idona ya kawo ruwa. Tambayata ita ce, wannan ma yana cikin sarrafawar da Malam Habibu ke yabo? Kuma ta yaya mai saye zai san an dafa saiwa sa'o'in da ya kamata, tun da a ido duk ɗaya suke?

Malama Zainab: Alhaji, ranka ya daɗe, tambayarka ta taɓo inda mu masu harhaɗa magunguna muka fi damuwa. Warin da ka ji na farar wuta ne. Ana ƙona ta a rufaffen wuri a turara saiwa da hayaƙinta don ta yi fari, ta daɗe ba ta yi funfuna ba, ƙwari kuma su ƙyale ta. Wannan dabarar adana kaya ce, amma ita ma tana canza sinadarai: a saiwar baishao, hayaƙin yana haɗuwa da babban sinadarinta, paeoniflorin, ya mayar da wani kaso nasa wani abu dabam da babu shi a ɗanyar saiwar. Shi ya sa kundin magunguna na hukumar ƙasar Sin ya sa iyaka ga ragowar hayaƙin farar wuta a jikin kaya, kamar yadda ya sa iyaka ga ragowar akonitin da danginsa a cikin fuzi.

Baƙar mai danƙo da ka gani kuwa da alama shu dihuang ce, wato saiwar Rehmannia da aka turara aka shanya, aka sake turarawa aka sake shanyawa, a tsohuwar ƙa'ida har sau tara. A nan ne nake so Malam Habibu ya dakata. Ba a musun cewa ta canza: sinadarin katalfol da ke cikin ɗanyar yana raguwa ƙwarai, manyan sukarinta suna kakkaryewa zuwa ƙanana, sai ta yi baƙi ta yi zaƙi, kuma wani sinadari da ake kira 5-HMF, wanda ke fitowa duk inda aka daɗe ana dafa sukari, yana ƙaruwa. Masu maganin gargajiya sun ce ɗanyar tana sanyaya jini, turararriyar kuma tana gina shi. Na'urar ɗakin gwaji ta nuna canji ya auku, amma ba ta nuna cewa canjin shi ne ke warkar da mutum ba. Wannan sai an gwada a kan majiyyata, an kwatanta da waɗanda ba su sha ba.

Akwai inda bayanin ya fito fili. Saiwar dahuang tana sa gudawa ne saboda sinadaran senosayid, irin waɗanda ke cikin filaskonmu. Idan aka turara ta da giya, senosayid sun ragu, sai ƙarfin wankin cikin ya sauka, daidai da abin da tsofaffin littattafan suka faɗa. A irin wannan ina tare da Malam ɗari bisa ɗari.

Malam Habibu: Na gode, Malama. Ki ƙara da maqianzi, 'ya'yan itacen Strychnos nux-vomica, da ake toyawa a yashi har su kumbura su yi ƙasa-ƙasa, inda sinadarin istiriknin ke raguwa. Ki ƙara da saiwar banxia, wadda ɗanyarta ke kumbura maƙogwaro saboda ƙananan allurai na kalsiyam okzalet, ana kuma jiƙa ta da alif da citta har kaifin ya mutu. Mutanen da suka gano waɗannan hanyoyi ɗaya bayan ɗaya, kowace saiwa da tata, ba za a ce da ka suka yi aiki ba.

Malama Zainab: Babu wanda ya ce da ka suka yi, Malam. Amma wutar da ke kashe dafi tana iya kashe magani. Masaniyar magunguna 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta sun yi ta tafasa ganyen qinghao suna samun sakamako mai rauni, sai da ta koma ga rubutun Ge Hong, wani malamin Sin na ƙarni na huɗu, wanda ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, ta fahimci zafi ne matsalar. A 1971 ta tace shi da sinadarin ether a ƙaramin zafi, daga nan aka kai ga atemisinin, tushen magungunan zazzaɓin cizon sauro da muke bayarwa kullum, aka kuma ba ta kyautar Nobel a 2015.

Dakta Rabi: Bari in kawo abin da kowa ya sani. Rogo mai ɗaci yana da sinadarin da ke sakin sayanayid, kuma jiƙawa da matsewa da soyawa suna fitar da shi, shi ya sa muke shan gari hankali kwance. Amma a sassan Kongo da Mozambik, lokutan fari da yaƙi, da yunwa ta sa aka gajarta kwanakin jiƙon, sai cutar konzo mai shanye ƙafafu ta bayyana. Haka fuzi take. Asibitocin Hong Kong suna karɓar masu gubar akonitin, a lardin Yunnan na Sin kuma ana samun mace-mace idan sanyi ya shigo mutane suka dafa saiwar da nama a gida. Wanda ya jiƙa ɗanyar a cikin giya ya fi kowa shiga haɗari, domin giya tana tsotso akonitin ba tare da ta karya shi ba. Ko wadda aka sarrafa, ƙa'ida ita ce a riga dafa ta ita kaɗai na tsawon lokaci kafin a zuba sauran haɗin.

Alhaji, game da tambayarka ta biyu, ido ba ya iya bambancewa, sai gwajin na'ura. Idan wani ya sha irin wannan haɗi ya ji leɓɓansa da harshensa sun yi nauyi kamar an yi musu allurar kashe zafi, sai amai, sai zuciya ta fara tsalle, a garzaya da shi asibitin da ke da na'urar duba bugun zuciya, a kuma tafi da ragowar abin da ya sha, domin akonitin ba shi da makari.