Wai bikin tallata jirgin ƙasa yana mayar da kuɗinsa kuwa?

Dan_Reluwe:
Salam jama'a. Akwai abin da yake ɗan ɗaure min kai, kamfanonin jirgin ƙasa na fasinja su ware rana guda su ƙawata tasha, a fito da tsofaffin jirage a goge su, a raba huluna da riguna, a kawo makaɗa, wai duk don mutane su so hawa jirgi. Misali Amtrak na Amurka sun fara National Train Day a 2008, ana yi ranar Asabar mafi kusa da 10 ga Mayu saboda a ranar ne a 1869 aka haɗe layin dogon da ya ratsa ƙasar. Zuwa 2016 sun daina, suka ce matsin kuɗi. To in har abin yana kawo fasinja me zai sa a daina? In kuma baya kawowa me yasa aka ɗau shekaru ana yi?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Malam Dan_Reluwe ai amsar tana cikin tambayarka. Kuɗin da aka kashe kowa yana ganinsa a takarda, ribar ce ba mai iya nuna ta. Kuma mutane suna ɗauka kuɗin bikin shine na fosta da lasifika, alhali babban kuɗin yana can ɓoye, ma'aikatan da za a biya kuɗin ƙarin lokaci ranar hutu, masu tsaro, inshora, sannan duk taragon da ka ajiye a tasha don a ɗau hoto to ranar bai ɗauki fasinja ba, shi ma asara ce sai dai ba a rubuta ta. Sannan su waye ke zuwa? Yawanci masoya jirgi ne dama, masu kamara a wuya, waɗanda ko ba biki zasu hau. Wanda ake nema, mai motar da kullum yake cikin go-slow, yana gida yana barcinsa ranar Asabar.

Ummu_Hanan:
Malam Lissafi komai sai ka sa masa kalkuleta 😂 Ni dai na taɓa kai yarona irin wannan ranar, direban ya ɗaga shi ya zaunar da shi a kujerarsa ya ɗora masa hularsa da ta rufe masa ido, yace ja wannan, yaro ya ja jirgi ya yi ƙara har ya firgita ya ƙanƙame ni, daga baya kuma dariya har da hawaye. Wlh har yau in zamu yi tafiya shine mai cewa Umma a jirgi zamu. Wannan a wane layi na lissafinka zaka sa shi? Amma fa in faɗi gaskiya, sati biyu bayan bikin na sayi tikiti jirgin ya makara kusan awa uku ba wanda ya fito yace mana ci kanku, sai naji duk hular da balan-balan ɗin sun fita raina.

Injiniya77:
Hajiya ai ƙarshen maganarki shine maganar. Ni a ganina a raba abu biyu, akwai biki akwai rangwame, kuma rangwame yafi motsa mutane nesa ba kusa ba. Ku duba Jamus a 2022, watan Yuni da Yuli da Agusta suka fito da tikitin Yuro 9 a wata, ka hau jiragen yanki da bas na cikin gari duk faɗin ƙasar, banda masu gudun nan irin ICE. An sayar da tikiti kusan miliyan 52, gwamnatin tarayya ta zuba Yuro biliyan 2.5 don cike giɓin. Jirage suka cika maƙil, wasu wuraren masu keke sai dai su haƙura su jira na gaba, kuma da yawa yawon buɗe ido suka tafi, ba motarsu suka ajiye ba. Amma abin da ya burge ni, basu tsaya a wata ukun ba, a Mayun 2023 suka kawo magajinsa, Deutschlandticket, shi ma tikiti ɗaya na duk faɗin ƙasar, a Yuro 49 a wata, a Janairun 2025 ya koma 58. Kenan tallar ta zama gwaji, sun ga inda layi yake cushewa, sun ga mutane suna son tikiti ɗaya ba sai sun haddace farashin kowace shiyya ba. Bikin kwana ɗaya baya koya maka wannan.

Kuma biki yana da nasa ciwon kan. Flying Scotsman na Ingila, wani shahararren tsohon kan jirgi mai aiki da tururi, gyaransa ya ci sama da Fam miliyan 4, ranar da ya dawo layi a Fabrairun 2016 daga Landan zuwa York masu ɗaukar hoto suka sauka kan layin dogo har sai da aka tsayar da jirage, fasinjan da ba ruwansu da biki su suka makara.

Malam_Lissafi:
Hajiya Ummu Hanan na sallama, yaron naki fasinjan shekara ashirin masu zuwa ne, sai dai manajan da ya sa hannu a kuɗin bikin kafin nan ya yi ritaya. Ni da zasu bi shawarata duk wanda ya zo a bashi tikitin rangwame mai lamba wanda zai yi amfani dashi cikin wata biyu, sai a ƙirga nawa suka dawo. Nan za a gane ko taro aka yi ko kasuwa.

Dan_Reluwe:
Nagode sosai, wannan dabarar tikiti mai lamba ta shige ni. Injiniya tambaya ɗaya, waɗanda suka sayi na Yuro 9 ɗin, da farashi ya koma 49 kashi nawa suka tsaya?