Na ba kajina maganin tsutsa, har yanzu ramewa suke yi

Assalamu alaikum masu kiwo. Don Allah ku taimaka mini, abin ya sha mini kai.

Ina da kaji 23 na gida, sake suke, suna yini suna tonon ƙasa. Wata biyu ke nan suna ramewa duk da suna cin abinci. In na ɗaga kaza sai in ji ƙashin ƙirjinta tsiri kamar wuƙa, zankonta ya koma fari fat. Da ɗaya ta mutu na farke hanjinta, na ga dogayen tsutsotsi farare, har da wasu masu gaɓa-gaɓa kamar tsila.

Na sa musu Piperazine a ruwan sha sau biyu, tazarar kwana 14. Dogayen sun fita a kashi, amma na san maganin ba ya taɓa tsila, kuma ta hanyar cin tururuwa da ƙwari suke ɗaukarta. Ta yaya zan hana kazar sake cin ƙwaro?

Farin zankon nan ya fi tayar mini da hankali. Da dare na haska akurkin, ga kaska maƙale a tsagar katako, ga sauro. Shin ƙwayar cuta ce a jini? In kai jini a gwada tukuna, ko in fara da maganin tsila?