Gas ne ko bam? Gardama kan benen Magnitogorsk

Auta: Salamu alaikum. Jiya na sake cin karo da hotunan benen nan mai hawa 10 na Magnitogorsk a Rasha, wanda ɓangarensa ya rufta da sassafen 31 ga Disambar 2018, mutum 39 suka rasu. Hukuma ta ce gas ne, ni kuwa ban yarda ba. Washegari wata ƙaramar bas ta kama da wuta a titi ɗaya da benen, mutum uku suka mutu, daga baya ISIS ta ce ita ta kai harin. Me ya rage?

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ISIS sai da ta shafe sama da mako biyu kafin ta buɗe baki, kuma ba ta kawo hujja ko ɗaya ba. Baki ai shi ke yanka wuya, amma ba shi ke rusa beni ba.

Auta: To Yaya, gas ɗin girki ne zai sauke hawa goma?

Injiniya: Ƙwarai kuwa. Gas ɗin bututu in ya taru ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ɗaki, taɓa makunnin fitila kaɗai ya isa. Ga hunturu, taga a rufe ruf, kowa na barci, ba mai jin wari. A 1968 a Landan, wata mata a hawa na 18 na benen Ronan Point ta ƙyasta ashana za ta kunna murhu, kusurwar benen gaba ɗaya ta zube, mutum huɗu suka mutu. Bango ɗaya mai ɗauke da nauyi ya fice, na sama suka biyo shi. Kuma bam yana barin ɓurɓushinsa a jikin baraguzai. Masu bincike a Magnitogorsk sun ce ba su sami komai ba.

Hajiya: Su wa suka ce, Malam? Nan fa gizo ke saƙar. A 1999 an tashi benaye da bama-bamai a biranen Rasha, Mosko da Buynaksk da Volgodonsk, kimanin mutum 300 suka hallaka. Da aka gano buhunan da ake zargin bam ne a ƙasan wani gini a birnin Ryazan, hukumar tsaro ta ce atisaye ne, sukari ne a ciki. Wanda ya ji wannan, ba ka zarge shi ba don ya ƙi gaskata takardar gwamnati.

Injiniya: Ban musa ba, Hajiya. Amma rashin yarda da su daban, hujjar bam daban.

Malama: Ni duk wannan bai tsaya mini a rai ba kamar jaririn nan da aka ciro da ransa daga baraguzan benen Magnitogorsk bayan awa 35 a cikin wannan sanyi, lulluɓe da bargo a gadonsa. Kukansa aka jiyo. Kuma ku lura, in aka ce gas ne ma, ba a wanke kowa ba. Wa ke duba bututun? Yaushe rabon da a duba?

Auta: Anti, haka ne. Amma Yaya, bas ɗin fa? Ka tsallake ta.

Injiniya: Sun ce tukunyar gas ɗin motar ce.

Auta: Gas kuma? Titi ɗaya, kwana ɗaya tsakani?

Injiniya: Wannan kam ni ma ta tsaya mini a wuya.