Don Allah a ba ni shawara: kwamfutar tebur a Garwa da sefa dubu 250

Ɗan Yelwa:
Assalamu alaikum jama'a. Masu sani ku taimaka mini, kwana uku ke nan maganar nan ta hana ni barci.

A Garwa nake. Shekara huɗu ke nan ina riƙe wa Bappana lissafin albasa. Daga wajen Marwa yake lodi, a kai Yawunde da Duwala. Buhu nawa ya fita, kuɗin 'yan dako, kuɗin mota, bashin da ke kan dillalai, duk a Excel nake zuba su. Da dare kuma ina taɓa katin biki da fosta a Photoshop, da shi nake samun na cefane. Laftof ɗin da nake aikin da ita ta Bappa ce. A watan Afrilu, tsakiyar zafin nan, tana kan katifa ina haɗa katin auren ƙanwar abokina, sai fankarta ta yi wata irin ƙara, allo ya yi baƙi. Mai gyara ya riƙe ta mako biyar, ya karɓi dubu 15, ƙarshe ya ce madabod ce, wato babban faifan da komai ke jone a kai, ta ƙone. Bappa bai ce mini uffan ba, kuma wallahi da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Yanzu a littafi nake rubutawa, ranar Asabar in je shagon buga takardu in biya awa in shigar. Sau biyu ke nan lissafin wani dillali yana ruɗewa, har ya fara yi mini kallon ɓarawo.

Na ɗauki adashe dubu 200, Bappa ya cika mini 50. Ta tebur nake so wannan karon, ta aiki, kuma in ɗan buga wasa idan na samu sarari. Akwai wani a babbar kasuwa da ya nuna mini kwamfuta mai furosesa i7 da RAM giga 16 da katin girafik RX 580 mai giga 8, gidanta har da gilashi da fitilu, dubu 210. Wani kuma ya ce in haɗa sabuwa da kaina. Kaina ya kulle. Wanne zan yi?

Malam Sale mai gyara, Marwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, i7 na wace shekara? Ka koma ka ce ya kunna ta, ka karanta lambar da ke bayan i7 ɗin. Kuma dubu 250 ɗin har da allo da kibod ne, ko kana da su? Wasan ma ba ka faɗi wanne ba. Ka ba mu labarin albasa kaf, abin da ake bukata ka bar shi a aljihu.

Ɗan Yelwa:
Yi haƙuri Malam. 4770 na gani a rubuce. Wasa kuwa PES 2021 ne da GTA V, ba wani abu mai nauyi ba.

Malam Sale mai gyara, Marwa:
Na san za a rina. Wannan furosesa ta 2013 ce, RAM ɗinta DDR3, madabod ɗin da ke ɗauke da ita ta haura shekara goma tana aiki a wata ƙasa kafin a zuba ta a kwantena. Sabon gida mai fitila kawai aka sa mata, kamar tsohuwa da lalle. Sunan i7 ɗin ne ke ruɗin mutane. Ƙaramar i3-12100 ta 2022 ta fi ta gudu. Kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na 8 na Intel take karɓa, taka zubi na 4 ce. Ana iya tura mata ta ƙarfi, amma lissafin dukiyar mutane za ka ɗora a kai.

Ga abin da za ka saya, kada ka ƙara kada ka rage. Ryzen 5 5600G, da G ɗin a ƙarshe, domin 5600 marar G ba ta da girafik a cikinta, in ka jona allo ba abin da za ka gani. Madabod A520 ko B450, amma in B450 ce ka sa mai shago ya tabbatar an sabunta BIOS ɗinta, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, in ba haka ba ba za ta gane furosesar ba. RAM DDR4 3200, sanda biyu masu giga 8, ba sanda ɗaya mai 16 ba. Wannan shi ne inda kowa ke faɗuwa: girafik ɗin da ke cikin 5600G ba shi da rumbun kansa, RAM yake ara, sanda biyu kuwa hanya biyu ce, sanda ɗaya hanya ɗaya. SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, ta giga 500. Akwatin wuta (power supply) mai suna, wat 450 ya ishe ka. Fanka tana zuwa a kwalin furosesar. Na haɗa irinta a shagon nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ba wadda ta dawo.

Abba_PES:
Malam Sale da girmanka, amma a wasa RX 580 ta ninka girafik ɗin 5600G, ba ma kusa ba. GTA V a kan 5600G sai ka rage komai, a kan 580 kuwa ka ƙure 1080p kana dariya. Hamma, ni dai in wasa na ranka, ka ɗauki ta kasuwar.

Malam Sale mai gyara, Marwa:
Abba, ban ce ƙarya ka yi ba. Ta fi ta ƙarfi. Amma katin shi kaɗai wat 185 yake ci, 5600G gaba ɗayanta 65. A Garwa za a kunna shi, garin da zafi ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu, a ɗakin da laftof ta riga ta mutu. Kuma da yawa daga cikin 580 da ke yawo a kasuwa an gama tatsar su wajen haƙar kuɗin kirifto, dare da rana ba hutu. Wasu ma ba 580 ta gaskiya ba ce, akwai wadda ake kira 2048SP da aka yi wa kasuwar Sin, ƙarfinta na 570 ne. Ta gaskiyar 2304 za ka gani maimakon 2048 in ka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati. Mutum nawa ne ke dubawa?

Ummu Hanan, Ngaundere:
Ni ba ruwana da lambobinku, abu ɗaya zan faɗa. Ɗan'uwa, kada ka tura wa kowa kuɗi Duwala ka ce a aiko maka da kaya. Maigidana ya tura dubu 90 ta waya don firinta, wai za a sa a mota ta kwana biyu. Wata uku muna zarya tasha. Da kwalin ya iso an naɗe shi da salatif kamar gawa, muka buɗe, tiren takarda a karye, ba wayar wuta. Mai kayan ya ce 'yan mota ne, 'yan mota suka ce haka aka ba su. Har yau tana ƙarƙashin gado, kuma in na tayar da maganar sai a ce na cika mita. Kuɗin ma rabi nawa ne, na ɗinki.

Ɗan Yelwa:
Allah ya mayar da alheri Adda. To kun ji, abin da nake gudu ke nan. Kayan da Malam Sale ya lissafa ban gan su a nan ba, sai an yi oda. Wannan kuwa ga ta a gabana, na ga tana aiki, har PES ya kunna mini na buga rabin lokaci. Kuma mutumin ba baƙo ba ne, surukin abokina ne, masallaci ɗaya muke Juma'a. Ai da tsohuwar zuma ake magani.

Malam Sale mai gyara, Marwa:
Zuma ba ta aiki da DDR3. Rabin lokacin PES minti biyar ne, ba gwaji ba ne. Ka ce ya bar ta da FurMark, manhajar gwajin kati, minti talatin kana tsaye kana kallon zafin katin. Sannan ka sa ya buɗe gefe ka karanta mini sunan akwatin wutar. Na rantse maka irin mai nauyin kwalin ashana ne da aka rubuta wa 650W. Shi ne ke fara tafiya, kuma ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja madabod.

Bakura, Kusiri:
Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Wuta fa? Mu nan sai a kwana biyu ba a kawo ba, in an kawo kuma ta zo da hauka. Bara firij ɗina da talabijin rana ɗaya suka tafi, na je ofishin masu wutar aka ce in rubuto takarda, na rubuta, har yanzu ana dubawa. Amma takardar biya ba ta taɓa makara ba ko sau ɗaya. Ku can Garwa da madatsar ruwan Lagdo kuka dogara, megawat 72 ne a takarda, ruwa ya ja baya a rani kowa ya san yadda ake rabon wuta unguwa-unguwa. Ka cire kuɗin ondilar da regilatar tukuna, abin da ya rage shi ne kuɗin kwamfutarka. Ni da ni ne ma laftof zan sake saya, batirinta shi ne ondilar ɗinta.

Sani Mubi:
Mene ne ondilar kuma? Mu na wannan ɓangaren a yi mana fassara.

Bakura, Kusiri:
Abin da kuke ce wa UPS, mai batirin nan da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Regilatar kuma sitabilaiza.

Sani Mubi:
To madalla. Ɗan Yelwa, ka shigo Mubi ko Yola da sefarka ka canza, ko ka ba direban da ka yarda da shi ya ɗauko maka daga Kano, titin Beirut ba abin da babu. Sai dai kibod ɗinmu QWERTY ne, ku kun saba da AZERTY, kuma filoginmu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, sai ka canza waya.

Ummu Hanan, Ngaundere:
Ya ɗauko daga Kano, shingayen hanya kuma wa zai biya? In ta lalace ya koma Kano da ita?

Malam Sale mai gyara, Marwa:
Bakura ya kawo magana, kuma ni take goya wa baya. Ƙaramin ondilar mai 650VA, abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba, da batir ɗaya mai bolt 12. Haɗin da na faɗa, har da allo, zai riƙe shi ka adana aikinka ka kashe cikin natsuwa. Ka ɗora masa i7 da 580 ana tsakiyar wasa, kuka zai yi ya ɗauke kafin ka kai hannu kan linzami. Sai ka sayi babba, kuɗi ya ƙaru. Maganar laftof kuwa a bar ta, a kan katifa zai sake ɗora ta.

Injiniya Hamidu, Injamena:
Akwai hanya ta uku da ba wanda ya ambata. Kwamfutocin ofis na hannu, Dell OptiPlex ko HP, masu i5-8500. Furosesar ƙwaƙwalwa shida gare ta, tana karɓar Windows 11, an gina su don su wuni a kunne. Ka sa mata SSD, daga baya in ka samu kuɗi ka ƙara GTX 1650 gajere, wanda ba ya bukatar wayar wuta ta daban, daga madabod yake sha. A wurin aikinmu irinsu ne, ƙurar Injamena ba ta kashe su ba, bulowa kawai muke sa musu duk wata. In ka ga tsohuwa mai ɗan jan makunni a baya na 115 da 230, ka tabbata yana kan 230 kafin ka jona.

Malam Sale mai gyara, Marwa:
Injiniya, ran da akwatin wutarta ya mutu fa? Ba irin na kowa ba ne, filoginsa daban, girmansa daban. Akwai guda uku a ƙarƙashin teburina yanzu haka, masu su sun gaji da jira. Kuma 1650 gajeren a ina zai same shi a Garwa, a nawa? Ku bar yaron nan ya sayi sabon abu sau ɗaya ya huta.

Injiniya Hamidu, Injamena:
Sabon abu da wane kuɗi, Malam? Furosesa, madabod, RAM, SSD, akwatin wuta, gida, ga ondilar. Ka lissafa mana a dubu 250 mu gani. Allo ma har yanzu bai ce yana da shi ba.

Ɗan Yelwa:
Allo ba ni da shi, amma akwai talabijin ɗin ɗakina mai inci 32, tana da HDMI. Kuma gaskiya akwai abin da ban faɗa ba. Na riga na ba mutumin dubu 50 kafin alƙalami tun ranar Litinin, don wani ma yana nema. Ba wai na yanke ba ne, don dai kada ta wuce ni. Ni a ganina ba zai cuce ni ba, ya ce in ta yi wani abu cikin wata ɗaya in dawo da ita.

Abba_PES:
Shi ke nan Hamma, ka cika kuɗi ka ɗauko, mu haɗu a fili.

Ummu Hanan, Ngaundere:
"In dawo da ita" a baki ko a takarda? Mu ma haka aka ce mana.

Malam Sale mai gyara, Marwa:
Ashe ba shawara kake nema ba, shaidu kake nema. Tun Litinin ka biya, yau Laraba ka sa muna ta zuba. To ji nan. Ka je ka ce ya riƙe dubu 5 ya ba ka 45, tunda surukin abokinka ne. In kunya ta hana ka, aƙalla ka sa ya cire akwatin wutar ya sa na kirki mai wat 500, ya canza man sanyaya furosesa da na katin, ya sa SSD, don na tabbata hard disk mai juyawa ne a ciki. Kuma Excel a talabijin mai inci 32, ka tanadi kuɗin tabarau.

Ɗan Yelwa:
Malam ba haka ba ne wallahi, ina jin maganarku. Sai dai in na ce ya dawo da kuɗi magana za ta kai gidan abokina, kuma Bappa ya riga ya ji cewa na samu i7, har ya faɗa wa mutane a rumfa. SSD ɗin zan tambaye shi. Talabijin kuwa da ita nake kallon komai, idona lafiya lau. Ya ba ni zuwa Juma'a bayan masallaci.

Bakura, Kusiri:
210 ka cire daga 250, saura 40. SSD, akwatin wuta, ondilar, regilatar, kibod. Wanne za ka bari?

Sani Mubi:
Wai nawa ake canza sefa dubu ɗaya a Garwa yau? Ina da kayan da zan shigo da su ranar Asabar.

Injiniya Hamidu, Injamena:
Ɗan Yelwa, ka buɗe GPU-Z ɗin kuwa? 2304 ka gani ko 2048?